Ranar Da Na Wanke Turarena a Kuala Lumpur

Tun da na dawo daga Malesiya ban huta ba. Duk wadda ta shigo shago, kafin ta ce a ba ta humra sai ta ce, "Hajiya Falmata, yaya ƙasar? Wai da gaske ne an kore ki daga wata makaranta?" Ba korata aka yi ba, cewa aka yi in tsaya a waje, kuma akwai bambanci. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya, wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta da kanta.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata haɗa turare, humra da turaren wuta, a nan Kaduna. Wajen kakata ta Barno na koya. Abin alfaharina guda ne, har a jikin allon shagona na sa an rubuta: in na turara miki kaya, sai kin yi wanki uku ƙamshin bai fita ba. Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo ta same ni.

Itacen ƙamshin nan na oud ne ya kai ni, don an ce a can ake samun mai kyau. Da maƙwabciyata Saratu ta ji, sai ga ta da ƙullin kaya niƙi-niƙi. Shekara ashirin da wani abu katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita tana coci ni ina masallaci, abincin sallarmu da na Kirsimetinsu ta saman katangar nan suke wucewa. 'Yarta Godiya a bayana ta yi rabin goyonta, Umma take ce min. Yanzu tana Kuala Lumpur tana karatun girki da aikin otal. Saratu ta ɗaure mata kilishi, yaji, daddawa, kuka, da ɗan dunƙulen kanwa, ta ce, "Hajiya, jarabawa ɗaya ta rage mata. Har na fitar da ankon godiya a coci, an kai wa tela." Na ce Allah ya nuna mana.

Jirgin ƙasa na hau zuwa Abuja, daga nan na sama. Wanda ya zauna kusa da ni wani Malam Sabi'u ne, mutumin Zariya, yana digiri na uku a wata jami'a da ke unguwar Lembah Pantai a Kuala Lumpur. Hancinsa ya jiyo kilishi tun ba mu tashi ba. Da muka yada zango a ƙasar Larabawa sai ya gyara murya ya ce, "Hajiya, kin san ba a shiga Malesiya da nama ko? Ƙwacewa za su yi su zubar." Na ce innalillahi, kilishin Saratu a shara? Ya ce shi ma abin da ke damunsa ke nan. Muka zauna a benci muka cinye shi tas, shi ya fi ni sauri. Sauran tafiyar ƙishirwa ta kusa kashe ni, ma'aikaciyar jirgi har ta daina kawo min kofi ta ajiye min gora.

Da muka sauka babu wanda ya tambaye ni nama. Na waiga neman Malam Sabi'u, ya riga ya ɓace. Har yau ban sani ba ko doka ya faɗa min ko yunwa.

Daddawa ce ta tsayar da ni. Wata jami'a mai ɗan kwali ta ce in buɗe ƙullin. Na buɗe. Mutumin da ke bayana ya ja da baya da akwatinsa. Ita kuwa ta sunkuya ta shinshina, sai na ga fuskarta ta washe. Ta ce su ma suna da irinsa, da ƙananan jatan lande ake yi, sunansa belacan, kuma kakarta ba ta miya ba shi. Ta ɗaure min ƙullin da kanta ta ce, "Boleh." Wannan ce kalmar da na fara koya, ma'anarta ya yiwu, wuce abinki.

Godiya na jirana a waje. Ta rungume ni ta tura hancinta a mayafina ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta ce, "Umma, ƙamshin gida." Yarinyar ta rame, na gani.

A unguwar Wangsa Maju take zaune, hawa na goma sha bakwai. Ni da ko tsani ba na hawa. Kafin in ajiye jaka ta nuna min wani farin faifai a rufin falo, ta ce, "Umma, kin ga wancan? In ya ji hayaƙi ihu yake yi, duk ginin a sauko ƙasa. Don Allah kaskonki a baranda." Na ce wane irin gida ne wannan da ake sa wa mutum ɗan rahoto a saman kai? Na kai kaskona baranda ina mita.

Mutanen ƙasar sun burge ni. Takalmi a bakin ƙofa kamar mu, cin shinkafa da hannu kamar mu. Amma ba sa nuni da ɗan ali, da babban yatsa suke yi. Na yi ta nuna kaya a kasuwa da ɗan alina Godiya na lanƙwashe min shi. Gaisuwarsu kuma ita ce ko ka ci abinci, wato makan da yarensu, kuma ba jiran amsa suke ba. A wajen mamak, wato masu shayi da gurasa na bakin titi, mai shayin yana ɗaga kofi sama ya tsiyayo wa na ƙasa, irin na masu shayinmu amma nasa ya fi tsayi. Na tafa masa, ya ji kunya. Akwai kuma wani ɗan itace mai ƙaya, duriyan, wanda aka hana shiga da shi jirgin cikin gari saboda wari. Na ɗanɗana sau ɗaya don kar a ce na yi tsoro. Ba zan ƙara ba.

Itacen oud na samo shi a unguwar Cheras wajen wani tsoho, muka yi ciniki da yatsu, kuma babu labari a ciki.

Kwana na uku, muna karyawa, Godiya ta ajiye cokali ta fashe da kuka. Ashe jarabawar nan ta taɓa yin ta ta faɗi, ba ta gaya wa uwarta ba. Makarantar sau biyu kawai take ba mutum dama. In ta sake faɗuwa babu takardar shaida, shekara uku sun tafi a banza, ta koma Kaduna ta tarar da anko a ɗinke. Saura kwana huɗu.

Na ce, "Share hawayenki. Mece ce jarabawar? In girki ne ai kin zo gida."

Ta ce girki ne, amma da ƙari. Kowane ɗalibi an ba shi ruwan inabi iri ɗaya, ya dafa abincin da zai tafi da shi, ya ajiye a gaban malama ya yi bayani. Nata fari ne na Faransa, daga wani yanki da ake ce wa Alzas, sunansa Gewurztraminer. Na gwada faɗi sau biyu na haƙura, na koma ce masa mai ƙamshin nan.

Na ce, "Giya dai?"

Ta ce, "Umma, karatu ne."

Na ce, "To ki saurara. Ba na sha, ba na taɓawa, ba na miƙa miki. Kofin da ya shiga kar ya haɗu da nawa a wajen wanke-wanke. Kwalba taki ce, tukunya tawa." Ta yarda. Na ja kujerata can bakin baranda, ta buɗe kwalbar a kicin.

Jama'a, ni dai ban je ba, ƙamshin ne ya zo. Hanci ba shi da ƙofa. Ban san lokacin da na ce, "Wardi! Akwai citta, akwai zuma, da wannan farin ɗan itacen da kika saya min jiya mai ɓawo ja." Ta leƙo da ido waje ta ce, "Laici. Umma, abin da ke cikin littafinmu ke nan, wata uku ina haddacewa!" Na ce astagfirullah, na ƙara matsawa baya.

Na tambaye ta me ta dafa wancan karon. Ta ce farin kifi, a turara, ba yaji ba komai, don ta ga Turawa haka suke so. Malamar ta ce ruwan inabin ya haɗiye kifin, kamar ba a ajiye abinci ba. Nan na gane matsalar, don tawa ce ta kullum. Na ce, "Godiya, kin san farce, ɓawon dabbar ruwan nan da nake sawa a humra? Ɗanyensa wari ne da shi, sai an wanke an soya. Amma in babu shi, wardi da sandal yawo kawai suke a iska, ba abin da ya riƙe su. Ƙamshi mai zaƙi yana son abu mai nauyi a ƙarƙashinsa. Ina daddawar uwarki?"

Kwana uku muna cin kaza. Ta farko na zuba yaji irin na gida. Godiya ta ci loma, ta kurɓi abinta, sai hawaye da majina, ta ce barkonon da ruwan inabin sun haɗu sun kunna mata wuta a maƙogwaro. Muka rage barkono, abin da ya yi min ciwo, muka ƙara citta da albasa. Ta biyu daddawa ta yi yawa, maƙwabta suka rufe tagoginsu. Ta uku ce ta zauna: gasasshiyar kaza da ɗan yaji, romo mai citta da daddawa kaɗan, da shinkafar kwakwa irin tasu. Godiya ta ci, ta kurɓa. Sannan ta ce, "Umma, ba wanda ya danne wani." Na ce alhamdu lillahi, a kan kazar nake nufi.

Ranar jarabawa ƙarfe goma sha ɗaya za ta shiga. Ta tashi da wuri ta goge fararen rigunanta na kicin guda biyu, da hula, da ƙyallen gaba, ta rataye, ta shiga wanka. Na tsaya ina kallon kayan nan. Farare tas, amma ba sa ƙamshin komai, kamar kayan asibiti. Zuciyata ta ƙi. Ina, 'yar da na goya za ta fita babbar rana irin wannan haka fayau, ni ina gidan? Me za a ce a Kaduna? Na hura gawayi a baranda, na kifa kwandon wanki a kan kasko, na ɗauko turaren da nake ɓoye wa amare, na lulluɓe kayan a kai. Duka biyun, don ban san wadda za ta sa ba. Har hular na juya ciki da waje.

Ta fito da tawul a kai ta tsaya cak. Ta ja numfashi sau ɗaya.

"Umma. Me kika yi?"

Na ce, "Na amare ne, 'yar nan. Ba na sayar wa kowa."

Ta zauna a ƙasa daɓas. Ta ce ka'idar farko a ajin nan, wadda aka faɗa musu tun ranar farko, ba a shiga da turare. Ko sabulu mai ƙamshi ba a wanka da shi. Malamar da hanci take ba da maki, wanda ya shigo da ƙamshi a jiki ya faɗi tun daga bakin ƙofa. Ta ce, "Ban faɗa miki ba don ban taɓa zaton..." Sai ta kalle ni, ta kalli kaskon, ta gane laifinta ne da ba ta zata ba.

Innalillahi! Ni na zo gyara, ni na ɓata. Muka kaɗa rigunan ta baranda, muka sa a gaban fanka, banza. Godiya ta ce mu biya wajen mamak ta tsaya kusa da mai suya ko hayaƙin mai zai rufe. Ta tsaya minti goma. Ta fito tana ƙamshin amarya mai soya albasa.

A cikin jirgin ƙasan cikin gari, LRT, kowa sai ya juyo. Wata mata ta matso ta ce min, da Turancinta da nawa na kasuwa, a ina ake samun wannan turaren? Jikina a sanyaye yake, amma sana'a sana'a ce, na ba ta lambata.

Malamar wata ƙaramar tsohuwa ce Bafaransa, Madam Odil, gashi fari a yanke. Tana cikin aji, mu muna can farkon baranda, sai ta leƙo tana ɗaga hanci. Ba ta tambayi kowa ba, ta miƙo kanmu kai tsaye. Godiya ta fara bayani. Na shiga gabanta na dafa ƙirji na ce, "Madam, ni ce. Ni, ba ita ba." Na haɗa da Hausa da hannu da komai, Godiya na fassarawa. Na ce a garinmu in kana son mutum turara shi kake yi, ban san a nan laifi ba ne. In akwai wanda za a kayar, ni a kayar da ni.

Tsohuwar ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce wa Godiya za ta mayar da ita ta ƙarshe, ƙarfe uku. In ta shigo hancinta ya ji ko ɗigo, shi ke nan. Ta nuna ni da haɓa ta ce wannan kuma, daga nan har bakin get, kar ta ji ta.

Godiya ta ce, "Umma, wanki uku kika rubuta a allo."

Na ce, "Na rubuta. Amma wanda ya san yadda ake ɗaurawa ya san yadda ake kwancewa. Kanwar da uwarki ta aiko tana cikin jakar kayan miyarki?"

Tana ciki. Wata dattijuwa mai shara, da Godiya ke ce wa Makcik, wato inna, ta ara mana bokiti ta ɗebo mana tafasasshen ruwa da lemon tsami daga kicin, tana ta "boleh, boleh". Muka shige bayin mata da ke can ƙarshen gini. Na jiƙa kanwa, na tsoma riga ɗaya da hula da ƙyalle, na murza, na matse lemon tsami, na sake murzawa. Wannan sirri ne da kakata ta ce kar in faɗa wa mai saye ko da wasa. Turaren da na yi wata shida ina tsumawa, ga shi ina kallonsa yana bin rariya. Hannuna ya yi ja, bayana ya riƙe.

Da aka zo ɗauraya sai wata matsalar. Duk inda na taɓa, ƙamshi ya koma. Shekara talatin oud na shiga fatata, ba kanwar da za ta fitar da shi. Dole na koma bakin ƙofa na harɗe hannu ina ba da umarni, Makcik na ɗaurayewa. Godiya ta wanke kai da wuya da ruwan lemon tsami. Suka riƙe rigar a ƙarƙashin injin busar da hannu, yana ɗaukewa suna sake dannawa, fiye da awa guda.

Uku saura kwata Makcik ta ɗago rigar a gabana, ban taɓa ba, na miƙa hanci. Na shinshina wuya, na shinshina hammata, na bi ɗinki. Babu. Ko alama babu. Ban taɓa jin daɗi da baƙin ciki lokaci guda irin na ranar ba. Na ce, "Tafi, 'yata. Ba kya ƙamshin komai." Ta zo za ta rungume ni, ni da Makcik muka daka mata tsawa tare.

Sai na fita bakin get kamar yadda aka ce. Na sami gindin wata bishiya a wajen ajiye motoci na zauna. Rana ta gasa ni, can wajen huɗu ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, don haka garin yake kullum. Ban motsa ba. Ina ta addu'a ina cewa, ya Allah ka san ba ruwana da kwalbar, yarinyar nake roƙa wa, da uwarta da ke jiran tela.

Biyar saura sai ga lema biyu. Godiya a gaba, fuskarta ba ta nuna komai, Madam Odil a baya. Tsohuwar ta tsaya taku goma daga inda nake, ba ta ƙara ba. Ta yi magana, Godiya ta fassara. Wai mene ne baƙin abin nan da ke cikin romon? A ƙauyensu, in ji ta, da wani cuku mai wari ake shan wannan ruwan inabin, kuma tun da ta bar gida ba ta ci abin da ya tuna mata da shi ba sai yau. Na zaro ragowar daddawar daga jaka na miƙa wa Godiya ta kai mata. Ta shinshina ta lumshe ido. Sannan ta ƙara wata magana ta juya.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce turarenki ya yi kyau, shi ne matsalarsa."

"Ke, ba wannan ba! Jarabawar!"

Sai ta saki lemar ta faɗa jikina. "Na ci, Umma. Na ci!" Muka tsaya cikin ruwa muna kuka kamar marasa hankali, wani mai mota yana ta yi mana ham.

Muna komawa gida ban ko canja kaya ba sai na ga Godiya ta fita baranda. Ta dawo da kaskona da kwandon wanki ta dire a tsakiyar falo. Ta cire farar rigar ta miƙo min da hannu biyu. Ta ce, "Umma, an gama. Mayar min da ƙamshina."

Na nuna mata farin faifan da ke sama. Ta ce ta gan shi.

Na zuba na amare, ban yi rowa ba. Ba a yi minti biyu ba ɗan rahoton ya fasa ihu, na hawa na sha shida ya amsa, na ƙasa ya karɓa. Lif ya tsaya. Muka bi matakala da mutanen gini kaf, masu jarirai, masu kyanwa, wani da kumfar sabulu a kai. Godiya na sanye da rigarta tana tashin ƙamshi, a hawa na tara ta kira uwarta.

"Mama, na ci! A karɓo anko!"

Na jiyo Saratu ta wayar tana ihu, sai kuma ta tsaya ta ce, "Wai wace ce ke rangaɗa guɗa haka a bayanku?"

Na karɓi wayar ina haki na ce, "Saratu, ginin ne gaba ɗaya."